Yadda Ake Halartar Bajekolin Wuƙaƙen Hannu a Amurka, Daga Ƙofar Shiga Har Komawa Gida

A Amurka akwai mutanen da sana'arsu ke nan ƙera wuƙa ɗaya bayan ɗaya da hannu, kowacce da sunan mai ita a jikin ƙarfen. Yawancinsu ba su da kanti. A gareji ko a wata 'yar rumfa bayan gida suke aiki, kuma wurin da suke haɗuwa da masu saye ido da ido shi ne bajekolin da ake shiryawa a ƙarshen mako, a babban zaure cike da tebura. Mafi girma a duniya shi ne Blade Show na birnin Atlanta, wanda ake yi a watan Yuni. Ni dai ba zan ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba. Cunkoso ya yi yawa, maƙerin ba shi da lokacin hira, kai kuma idonka zai gaji kafin azahar. Ƙananan bajekoli na yanki sun fi daɗin koyo, domin a can ne mai wuƙa zai ja maka kujera ya yi maka bayanin aikinsa ba tare da duba agogo ba.

Misalin da zan riƙe a nan shi ne na birnin Yujin a jihar Oregon, wanda ƙungiyar masu tara wuƙaƙe ta jihar ke shiryawa a watan Afrilu a zauren taro na Lane Events Center. An kafa ƙungiyar a 1976, kuma teburan bajekolin sun haura 300. Jihar kanta gidan wuƙa ce: kamfanonin Benchmade, Gerber, Kershaw, CRKT da Leatherman duk a kewayen birnin Fotland suke. A zauren za ka tarar da kaya iri uku a cakuɗe: aikin hannu na maƙera, tsofaffin wuƙaƙen da dillalai ke sayarwa, da tarin da masu shi suka kawo don kallo kawai. Abin da zan faɗa ya shafi kowane bajekoli irin wannan, ko a Akansas yake ko a Tekzas.

Kafin ranar

Fara da duba jadawali da jerin masu tebur, wanda masu shiryawa kan fitar tun da wuri. A Yujin, Juma'a ta 'yan ƙungiya ce, Asabar da Lahadi na kowa da kowa. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin kayan da suka fi kyau sukan tafi tun ranar farko. In da gaske saye za ka yi, yi rajistar zama ɗan ƙungiya tun kafin lokacin. In kallo da koyo ne ya kai ka, Asabar da safe ta wadatar. Lahadi da rana zauren ya yi sanyi, wasu ma sun fara naɗe kaya, amma a lokacin ne ciniki ya fi sauƙi.

Daga Fotland zuwa Yujin tafiyar kusan awa 2 ce a mota kan babbar hanya ta I-5, akwai kuma jirgin ƙasa. Afrilu a can damina ce, tafi da rigar ruwa.

Sai ka zauna ka amsa wa kanka tambaya ɗaya: wuƙar me nake nema? Ta kicin, ta fiɗar ragon layya, ta aljihu, ko ta ajiya a kabad don sha'awa? Wanda ya shiga zaure bai amsa wannan ba, zai fito da wata zabgegiyar wuƙa mai tsawon damtse wadda ba zai taɓa yanka ko albasa da ita ba. Yanke wa kanka iyakar kuɗi kuma. Aikin sabon maƙeri kan fara daga dala ɗari da wani abu, na sanannu kuwa ya kan kai dubbai. Riƙe tsabar kuɗi, saboda wasu masu tebur ba sa karɓar kati, waɗanda ke karɓa ma sun fi sakin fuska ga tsaba. Oregon ba ta ɗora harajin saye a kan kaya, abin da aka rubuta shi za ka biya.

A aljihu, ɗan littafi da biro, ƙaramar tocila, da filasta biyu ko uku. Kada ka raina filastar nan. Sa takalmi mai laushi, siminti za ka yini a kai. Babbar jakar goyo kuwa bar ta a mota. Hanyoyin tsakanin tebura matsattsu ne, juyi ɗaya za ka yi ka share wa wani aikin wata guda zuwa ƙasa.

Kalmomin da ya kamata ka shiga da su

Hanyar yin wuƙa biyu ce. Akwai mai ƙira, wanda ke gasa ƙarfe ya buga shi da guduma a kan uwar maƙera har ya fitar da siffa, kamar dai yadda maƙeranmu ke yi, sai dai wutarsa galibi ta gas ce maimakon gawayi da zugazugi. Akwai kuma mai gurza, wanda ke sayen faifan ƙarfe ya zana siffar, ya yanke, ya cinye sauran da inji da magagari. Masu sha'awa sun daɗe suna musu kan wace ta fi. Kada ka shiga musun. Bob Loveless, wanda ya rasu a 2010 kuma har yau ake kwaikwayon siffar wuƙar farautarsa, da gurza ya yi suna. Abin da ke raba wuƙar kirki da ta banza shi ne yadda aka gasa ƙarfen aka tsoma shi, sannan aka sake ɗumama shi don ya rage gautsi.

Taurin ƙarfe ana auna shi da ma'aunin Rokwel, kuma yawancin wuƙaƙen kirki suna tsakanin 58 da 62. In ya yi ƙasa sosai, kaifi ba ya daɗewa. In ya yi sama sosai, bakin kan ɓalgace in ya haɗu da ƙashi.

Sunayen ƙarafa lambobi ne, kuma ba sai ka haddace su duka ba. 1084 da 1095 da 52100 baƙin ƙarfe ne, suna ɗaukar kaifi da sauri, suna kuma tsatsa da sauri. 5160 ƙarfen sifirin mota ne, mai juriyar duka. Wanda ya taɓa ganin maƙeri yana sare tsohon sifirin don yin gatari ko adda ya san dalilin. 440C da CPM-154 da S30V ba sa tsatsa da wuri saboda sinadarin kuromiyam da ke cikinsu. MagnaCut, wanda masanin ƙarfe Larrin Thomas ya tsara ya fito a 2021, shi ne ake yayi yanzu, za ka gan shi a rubuce a tebura da yawa.

Sai Damaskas, mai zane kamar igiyar ruwa. Ana jera ƙarfe iri biyu, yawanci 1084 da 15N20, a gasa su a manne su da duka, a ninka, a sake ninkawa, daga ƙarshe a tsoma a sinadari. Mai nikel ya zauna fari, ɗayan ya yi duhu, zanen ya fito. Bill Moran na jihar Meriland ne ya farfaɗo da wannan aiki a Amurka lokacin da ya nuna shi a bajekolin ƙungiyar masu yin wuƙa a 1973, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, wato ABS, a 1976.

Wannan ƙungiya ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin za ka ga haruffan JS ko MS a jikin wasu wuƙaƙe. Na farko shaidar ƙwararre ce, na biyu ta babban gwani. Kafin a ba mutum tambarin, sai wuƙarsa ta tsinke igiya mai kaurin inci 1 da ke rataye a iska da sara ɗaya, ta sare katakon nan da kafintoci ke kira tu-bai-fo har sau biyu, sannan ta aske gashin hannu ba tare da an sake wasa ta ba. Daga nan a ɗaure ta a lanƙwasa ta har digiri 90 ba ta karye ba. Mai neman MS da Damaskas mai fallayen ƙarfe aƙalla 300 zai yi wannan jarrabawa. Bayan haka kuma alƙalai su duba wasu wuƙaƙe biyar na aikinsa. Tambarin yana ƙara farashi, kuma da dalili. Amma rashinsa ba aibi ba ne: masu gurza ba sa cikin wannan tsari, kuma akwai gwanayen da ba su taɓa neman sa ba.

Zagayen farko: hannu a aljihu

Da ka shiga, kada ka sayi komai. Zagaya zauren gaba ɗaya layi-layi, kana rubuta lambar teburin da ya ja hankalinka da abin da ka gani a kai. Bayan tebur hamsin komai zai rikiɗe maka ya zama abu ɗaya mai ƙyalli, littafin ne zai cece ka. Zagayen nan ne ke saita maka ido. Wuƙar da ta burge ka a layin farko, kafin ka kai layi na shida ka ga uku da suka fi ta a kan farashi ɗaya.

Togaciya ɗaya ce. In akwai wani sanannen maƙeri da ka zo dominsa, nufi teburinsa kai tsaye, domin irinsu kan sayar da komai cikin awa guda. Wasu ma ƙuri'a suke yi: ka rubuta sunanka a takarda ka jefa a kwali, a ƙayyadadden lokaci a zaro, wanda sunansa ya fito shi ke da damar saye. In an kira ba ka kusa, an wuce ka.

Ladabin tebur

Nan ne baƙo ya fi yin abin kunya. Kowace wuƙa a kan tebur kwanakin wani ce, wata ma makonni. Yi sallama, ka nemi izini kafin ka ɗauka. Kusan kowa zai ce bismillah, amma tambayar ita ce ke nuna ka san gidan da ka shigo.

Riƙe ta ta ƙota, a saman tebur, bakin yana kallon ƙasa ko gefe, ba mutane ba. Kada yatsanka ya taɓa ruwan wuƙar. Gumin hannu yana da gishiri, kuma baƙin ƙarfe kan ɗauki tabon yatsa cikin ɗan lokaci. Na taɓa yin wannan kuskure a gaban wani dattijo mai farin gemu. Na ɗauki wuƙar farautarsa, na kai babban yatsa na shafa bakin kamar yadda muke yi a wajen mai wasa wuƙa a kasuwa. Bai ce mini uffan ba. Ya jira na ajiye, ya zaro wani ƙyalle mai mai daga aljihun gaba, ya goge ruwan daga gindi zuwa tsini a hankali, ya mayar da ita daidai inda take a kan mayafin tebur, sannan ya ɗago ya tambaye ni ko farauta nake yi. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

In ka taɓa bisa kuskure, kada ka goge da rigarka, ƙura na iya karce gogen da aka sha wahala a kai. Faɗa masa, shi ya san abin da zai yi. Kada ka gwada kaifi a gashin hannunka ko a takarda sai ya ba ka dama. Wuƙa mai naɗewa, buɗe ta a hankali da hannu biyu, kada ka wulla ta da ƙarfi don ka ji ƙara sai in shi ya ce ka gwada. Irin ta gargajiya mai baki biyu ko uku, buɗe ɗaya ka rufe kafin ka buɗe na gaba, saboda buɗe su tare yana wahalar da sifirin ɗin. Yadda aka ba ka ita, haka za ka mayar: in a buɗe, a buɗe, in a rufe, a rufe. Mafi aminci ka ajiye ta a tebur ya ɗauka da kansa. In kuwa ta suɓuce, ja ƙafa baya ka bar ta ta faɗi, kada ka yi yunƙurin cafewa.

Kada ka ajiye kofin shayi ko jaka a kan teburin mutum. In ka ga yana ciniki da wani, matsa gefe. Nemi izini kafin ka ɗauki hoto. Kada kuma ka tsaya a gaban wani kana yabon aikin maƙwabcinsa ko kushe shi. Mutanen nan sun san juna shekara da shekaru.

Yadda ake duba wuƙa

A zagaye na biyu ka koma teburan da ka rubuta. Ɗaga wuƙar ka kalle ta ta baya, daga ƙota zuwa tsini, kamar mai duba sandar da zai saya. Miƙaƙƙiya ce, ko ta ɗan karkata? Juya ta ka kalli inda gurzar ta fara a gindin baki. Gefen dama da na hagu su fara a wuri ɗaya, su yi tsayi ɗaya. Nan ne ake gane hannun da ya nuna, domin daidaita su yana da wuya ƙwarai.

Haska tocila a kan bakin. Kaifi na gaskiya ba ya mayar da haske. Inda ka ga ɗigon ƙyalli, wurin ya dakushe. Haska kuma mahaɗar ƙarfe da ƙota. Bai kamata a ga rami ko ragowar gam ba, domin nan jini da ruwa za su maƙale su fara tsatsa. Shafa ƙusoshin ƙotar, kada ka ji sun yi tudu ko sun nutse. Sannan ka damƙe ta yadda za ka riƙe ta wajen aiki, ka matse sosai. In akwai gefen da ke cizon tafin hannu a cikin daƙiƙa goma, bayan ka feɗe rago guda kanta za ta fito maka.

Mai naɗewa tana da nata gwaji. In an rufe, bakin ya zauna a tsakiya bai jingina da gefe ba. In an buɗe, kada ya yi girgiɗi. Makullin ya kama da kyau, ya kuma saki ba tare da kokawa ba.

Kada ka manta da kube. Wuƙar ta shiga ta zauna daram, kada ta zame in an kifa shi, ɗinkin kuma ya kasance da tsiri na fata a tsakani don kada kaifi ya yanke zaren. Wanda ya saba da aikin dukawa zai gane kube na kirki da kallo ɗaya. Tambayi ko kuɗinsa na cikin farashin.

Sai tambayoyi, kuma nan ne ribar zuwan take. Wane ƙarfe ne? Kai ka gasa shi ko ka aika wani wuri? Taurinsa nawa? Wane ɓangare ne ba kai ka yi ba? Aika ƙarfe wajen gashi ba laifi ba ne, sayen Damaskas daga wani gwani ma haka, muddin an faɗa. Maƙerin gaskiya yana jin daɗin waɗannan tambayoyi, wani lokaci sai ka nemi hanyar tsere masa. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce ƙarfen sirri ne, yi masa godiya ka wuce. Haka nan tebur mai tulin Damaskas iri ɗaya a kan farashin abincin rana: na kamfani ne da aka shigo da su da yawa, ba a san ƙarfen ba, ba a san gashin ba.

Ciniki

Mu mun saba a ce dubu goma mu taya uku, a yi ta albarka har a daidaita. Kada ka kai wannan teburin maƙeri. Farashin da ya rubuta lissafin kwanakinsa ne da kuɗin kayan aiki da na hayar teburin, kuma taya rabi a wurinsa raini ne. Abin da ake yi shi ne ka tambaya a hankali ko wannan ne farashinsa na ƙarshe, musamman in za ka ɗauki biyu ko za ka biya da tsaba. In ya rage, madalla. In bai rage ba, ko ka biya ko ka yi sallama. Wajen dillalan tsofaffin wuƙaƙe kuwa ƙofar tayi ta fi faɗi.

In ka ce a ajiye maka, faɗi lokacin da za ka dawo, ka kuma dawo ko da fasawa ka yi. Da ka biya, karɓi rasit ko kati mai ɗauke da sunan maƙerin, irin ƙarfen, kayan ƙotar da kwanan wata. In abin da kake so ya ƙare, kana iya ba da aiki, amma tambayi tsawon layi, wasu shekara guda ne, wasu fiye. Kafin alƙalami kaɗan ba matsala, biyan kuɗi duka tun kafin a kunna wuta ne ban yarda da shi ba.

In akwai nunin ƙira ko na wasa wuƙa a jadawalin Asabar, zauna ka kalla ko da rabin awa ne. Masu sha'awar koyon sana'ar kuma za su tarar da teburan da ke sayar da ƙarfe, katakon ƙota da fata.

Fita da ita da kai ta gida

Dokar wuƙa a Amurka ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Oregon ta halatta mallakar wuƙa mai buɗewa da maɓalli, amma ta hana ɓoye ta a jiki. Kalifoniya, maƙwabciyarta ta kudu, ta hana yawo da irinta in bakin ya kai inci 2. Akwai kuma dokar tarayya ta 1958 da ta taƙaita cinikinta tsakanin jihohi. In za ka tsallaka iyaka, bar wannan iri gaba ɗaya. Ƙota ta hauren giwa ma haka, cinikinta haramun ne kusan ko'ina, kuma jihohi irin su Niyok da Kalifoniya sun haɗa har da hauren tsohuwar giwar nan ta zamanin ƙanƙara da ake tonowa. Jami'in kwastan ba zai tsaya bambance maka su ba.

A jirgin sama wuƙa ba ta shiga jakar hannu ko da ƙarama ce. Sa ta a kube, naɗe da tufafi, ajiye a tsakiyar akwatin da za a auna, rasit kuma a jikinka. Daga zaure zuwa mota ma a nannaɗe take tafiya cikin jaka.

In Kano ko Zinder za ta, yi tunanin ƙota tun a tebur. Katakon da aka sassaƙa a damshin Oregon, in hunturu ya buge shi sai ya tsuke, gefen ƙarfe ya fito, wani ma ya tsage. Ƙaho da ƙashi su ma haka. Zaɓi katakon da aka ɗura wa gam ya daskare, ko Mikarta, ko G10, wato ƙyalle ko zaren gilashi da aka matse da gam, waɗannan ba ruwansu da yanayi.

Baƙin ƙarfe zai canza launi da ka fara yanka nama da albasa da tumatir, ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Wannan ba tsatsa ba ce, kariya ce ma, ja-ja shi ne abin gudu. Wanke da hannu da zarar ka gama, goge ta bushe, ka shafa ɗan farin mai marar wari irin wanda ake shafa wa katakon yanka. Man gyaɗa yana yin danƙo in ya daɗe. In za ta jima ba a taɓa ta ba, kamar daga wannan layya zuwa ta baɗi, cire ta daga kuben fata, domin fata na riƙe damshi. Naɗe ta a ƙyalle mai ɗan mai, kuben a gefe, a wurin da hannun yara ba ya kaiwa.